Ina kwafar sabon abu, na baya ya ɓace: mece ce mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin shagon buga takardu a Tahoua, ina yi wa ɗalibai da ƴan kasuwa da masu neman aiki rubutu. Kullum abu ɗaya nake ta maimaitawa: kan takarda, gaisuwar rufe wasiƙa, lambobin ƴan kasuwa. Da na kwafi wani abu sabo, na baya ya tafi, sai na koma tsofaffin takardu ina nema. Ƙanena ya ce in sa manhajar da ke tara kwafi. Tana da amfani kuwa? Ba za ta nauyaya mini na'ura ba? Mu uku ne muke aiki da kwamfutar.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanenki bai faɗi ƙarya ba, kuma ta yiwu ma ba sai kin sauke komai daga intanet ba, domin abin na nan kwance cikin kwamfutarki. Sai dai maganarki ta ƙarshe, cewa ku uku ne a kan na'ura ɗaya, ita ta fi tsaya mini a rai, kuma za mu zo kanta.

Duk lokacin da kika danna Ctrl da C, kwamfuta na ɗora abin a wani gurbi na wucin gadi, wanda Windows ta Faransanci ke kira Presse-papiers, mu kuma mu ce allon kwafi. Gurbin guda ɗaya ne tak, kamar allon almajiri: sai an wanke na jiya kafin a rubuta na yau. Haka aka gina shi tun shekarun 1970, lokacin da Larry Tesler da Tim Mott suka fito da tsarin yanka, kwafa da liƙawa a cibiyar binciken Xerox ta Amurka. Ita manhajar tara kwafi aikinta kawai shi ne ta zauna a bayan fage tana sauraro; da zarar abin da ke kan allon ya canza, sai ta ɗauki nata ta adana. Aiki ne mara nauyi, ko tsohuwar na'ura ba za ta ji shi ba, muddin dai rubutu ne ake tarawa ba manyan hotuna ba.

In kwamfutarki Windows 10 ce ko 11, danna maɓallin Windows tare da V. Wata ƴar taga za ta buɗe ta ce ki kunna, ki kunna. Microsoft ta shigo da wannan ne a sabuntawar Oktoban 2018. Daga nan kwafa dai Ctrl da C ne kamar yadda kika saba, amma wajen liƙawa sai ki danna Windows da V, jerin abubuwan da kika kwafa ya fito, ki zaɓa. Yana riƙe abu 25, kowanne bai wuce megabait 4 ba, kuma na 26 na shigowa mafi tsufa zai fita.

Ga inda mutane da yawa ke shan mamaki: in aka sake kunna kwamfutar, jerin nan duka yana gogewa, sai abin da aka kafe. A gefen kowane abu akwai alamar ƴar ƙusa, Épingler ke nan. Wanda kika kafe shi ne zai tsira. Ke da kika san yadda wuta ke ɗaukewa a watannin zafi, in injinki na tebur ne kuma babu batirin riƙe wuta, kin ga ke nan wannan ba ƙaramar magana ba ce. Saboda haka tun da safe ki kafe abubuwan da ba sa canzawa: République du Niger da taken Fraternité, Travail, Progrès na kan takardun hukuma, da doguwar jimlar nan ta Veuillez agréer da ake rufe wasiƙa da ita, da adireshin shagonki. In kina buga Hausa ma, ki kafe ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, tunda madannai na AZERTY, wato irin na Faransanci, ba su da su. Ina jin takaici in na ga an buga takarda mai kyau amma an mayar da ƙasa ta zama kasa, alhali maganin bai wuce danna maɓalli biyu ba.

To amma mai irin aikinki, wadda ke karɓar takardun mutum goma ko fiye a yini, 25 kan yi mata kaɗan. A nan ne manhajojin waje ke shigowa. Wadda na fi ba masu Windows shawara ita ce Ditto: kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma tana rubuta abin da ta tara a kan faifan kwamfuta, don haka ko wuta ta ɗauke ba ya ɓacewa. A saitinta na asali tana riƙe 500, kina iya ƙarawa ko ragewa. Babban alherinta shi ne nema. Ɗan kasuwa ya dawo bayan mako biyu yana son sabuwar faktir, wato takardar lissafin kuɗin kaya, kin buɗe Ditto, kin buga haruffa uku na sunan shagonsa, sai ga lambar NIF ɗinsa, wato lambarsa ta haraji, ta fito. In kuma kika zaɓi abu kika danna Shift da Entrée, za ta liƙa zallar rubutu, ba tare da launi da girman haruffan inda aka kwafo shi ba, wanda duk mai gyara kundin ɗalibi ya san irin ciwon kan da ke ciki. Abu ɗaya: maɓallin da ke buɗe ta an zaɓe shi ne don madannan Amurka, a kan AZERTY yana da wuyar samu, ki shiga saiti ki sa wanda hannunki ya saba. Akwai kuma CopyQ, ita ma kyauta, tana aiki a Windows da Linux da Mac, amma ta fi yawan saituna, ban ga buƙatarki gare ta ba. In na'urar Windows 7 ce, Windows da V ba zai yi komai ba. Amma cikin Word kanta, a shafin Accueil, ƴar kibiyar da ke kusa da kalmar Presse-papiers na buɗe jeri mai ɗaukar abu 24.

Yanzu mu zo kan ku ukun. Manhajar nan ba ta san sirri ba. Duk abin da aka kwafa tana tarawa: kalmar sirrin imel ɗin da ɗalibi ya buɗe a injinki don ya turo kundinsa, lambar katin ɗan ƙasa, lambar asusun banki, sakamakon asibiti da aka kawo a sake bugawa. Wanda ya zauna bayanki ya danna Windows da V, duka zai gani. Mutanen nan amana suka ba ki, ba su ma san akwai inda bayanansu ke zama bayan sun fita ba. Da Ditto abin ya fi tsanani, don alherinta na rashin mantuwa shi ne kuma hatsarinta: abin da aka kwafa wata uku da suka wuce zai iya kasancewa yana nan daram. Shawarata ita ce kowane ɗayanku ya samu nasa asusun shiga Windows da tasa kalmar sirri, tunda jerin kwafi na kowane asusu daban yake. Baƙo kuma da zai duba imel, a buɗe masa asusun da ba a kunna tarihin kwafi a cikinsa ba. Kafin ki tashi daga kujera ki danna Effacer tout, wanda ke share komai ya bar abin da aka kafe. Kalmar sirri kuwa kada a kafe ta ko da wasa. Sannan a Paramètres, Système, Presse-papiers, akwai zaɓin haɗa kwafi tsakanin na'urori ta asusun Microsoft. A injin shago ki bar shi a kashe, don bayanan abokan cinikinki ba su da abin yi a wayar wani.

Wajen saukewa, ki ɗauko Ditto daga Microsoft Store ko shafinta na asali, ba daga kilen USB da ta zagaya gari ba. Akwai ƙwayoyin cutar kwamfuta da aikinsu shi ne gadin allon kwafi, su musanya lambar da aka kwafa da ta ɓarawo, musamman a harkar kuɗin kirifto. Ko babu cuta ma, jeri mai tsawo na sa hannu ya zame, a liƙa lambar Alhaji wane a faktir ɗin wani daban. Ki riƙa karanta lamba bayan kin liƙa, kafin ki tura wa firinta.

Takarda cikakkiya kuwa, irin kwangilar haya ko takardar neman aiki da kike bugawa kullum, ba wurinta ba ne allon kwafi. Ki adana ta a matsayin samfurin Word, ki riƙa buɗe sabuwa daga gare ta. Ki fara da Windows da V na mako guda; in kin ga 25 na cika miki kafin azahar, sannan ki sa Ditto, ki kuma saita ta ta riƙa goge abin da ya kwana bakwai ba a taɓa shi ba.