Tambayi Yaya: Mako guda a Faris, da jaka mai tsada, da gato (kek)

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ina rubuto miki daga unguwar Zariya, nan Maradi. Ɗiyata ta gama karatu a Faransa, za ni bikin karɓar takardarta, biza ma ta fito, kuma za mu yi mako guda a Faris. Na tanadi sefa miliyan ɗaya da rabi in sayi jaka ta gaske, irin su Louis Vuitton ko Chanel, don na gaji da na bogi. Ƙawayena uku ma sun ce za su ba ni saƙo. Ina zan saya? Waɗanne wurare zan gani? Gatonsu da ake ta yabo kuma, ya halatta in ci?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a karatun ɗiyarmu, ya kai ku lafiya.

Bari mu fara da jakar, tunda ita ce ta tsaya miki a rai. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ya hawa ba ya sauka, don haka kuɗinki bai kai Yuro 2,300 ba. Chanel ki cire ta daga lissafi. Jakarsu mai sarƙa da kowa ya sani ta haura Yuro 10,000, sama da miliyan shida da rabi ke nan. Hermès kuwa ba kuɗi kaɗai ne tsaikon ba: a babban shagonsu na titin Faubourg Saint-Honoré sai kin nemi ganawa ta intanet, su zaɓi wadda suka ga dama, kuma ko kin shiga ba dole ne a fito miki da shahararrun jakunkunansu, Birkin ko Kelly, ba. Wadda aljihunki zai ɗauka ita ce Louis Vuitton, irin su Speedy da Neverfull, waɗanda suka haura Yuro dubu.

Amma ki san abin da za ki saya. Wannan mai ruwan ƙasa da haruffan LV a jikinta, wadda matanmu ke ratayawa gidan biki, ba fata ba ce. Yadi ne mai kauri da aka lulluɓe da roba. Fatar tana ga hannu da gefe kawai, kuma ba a shafa mata komai ba, saboda haka ruwa, zufa, man shafawa da humra duk suna barin tabo a kanta, rana kuma tana mai da ita duhu. Ni dai abin yana ba ni mamaki. Mu ne masu jar akuyar Maradi, wadda fatarta ta yi suna har Turai wajen masu ɗinka safar hannu da jakunkuna, sai ga mu muna zuba miliyan a kan yadi. Ban ce ba ta da ƙarko ba, tana da shi. Sai dai mafi yawan kuɗin na sunan ne, sunan da aka fara ginawa tun 1854. In sunan kike so, halalinki ne, ki saya a shagonsu na Champs-Élysées ko wani reshensu, ki shirya tsayuwa a layi. In kuwa fata mai kyau kike nema, ki shiga Galeries Lafayette ta titin Haussmann, ko Printemps da ke maƙwabtaka da ita, ki duba su Longchamp da Lancel. Da ƴan ɗaruruwan Yuro za ki fito da jakar fata, ki rage na tsaraba. Ragin farashin da suke yi a watan Janairu da ƙarshen Yuni yana shafar irin waɗannan, Louis Vuitton kam ba ta ragi.

Masu shimfiɗa jakunkuna a ƙasa kusa da wuraren yawon buɗe ido, ko kallo kada su ishe ki. Araha ba ta ado. A dokar Faransa riƙe ta bogi ma laifi ne, duwan, wato kwastan, na iya ƙwacewa su ci tarar da ta kai ninki biyu na kuɗin ta gaske. Wato waɗancan da kika ce kin gaji da su, ki bar su gida, kada ki rataya ɗaya ki sauka da ita filin jirginsu.

Ranar sayayya ki tafi da fasfonki. Baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba, in ya sayi kayan da suka haura Yuro 100 a shago ɗaya, yana da hakkin a mayar masa da wani ɓangare na harajin TVA, abin da suke kira detaks. Harajin kashi 20 cikin ɗari ne, abin da ke dawowa hannu kuwa yawanci wajen kashi 12. A jakar Yuro 1,500 kin ga jika 118 ke nan, wato sefa dubu 118, ba abin yarwa ba ne. Shagon zai ba ki takarda. Ranar dawowa, kafin ki miƙa akwatuna, ki nemi na'urar PABLO a filin jirgi ki haska takardar, jakar kuma tana hannunki ko jami'in duwan zai nemi gani. Wanda ya manta har jirgi ya tashi ya jawo wa kansa doguwar wahala.

Saƙon ƙawaye fa? Shawarata ki ba su haƙuri. Manyan shagunan suna ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya, detaks ɗin ma don kayan amfanin kai aka yi shi, jaka huɗu sababbi kuwa kowane ɗan duwan, na can da na Yamai, kasuwanci zai gani. In kuɗin da ke hannunki suka kai Yuro 10,000 kuma dole ki bayyana su wajen shiga. Bayan duk wannan, a ƙarshe wata ta ce ba wannan launin ta ce ba.

Yawo kuwa, takalmi mai taushi ya fi komai. Ki fara da jirgin ruwa a kogin Seine, awa guda kina zaune rabin garin na wucewa ta gabanki, har da cocin Notre-Dame da ta yi gobara a 2019 aka sake buɗe ta a Disamban 2024. Hasumiyar Eiffel, mai mita 330, da aka gina a 1889, ta fi kyau daga dandalin Trocadéro da dare, lokacin da take walƙiya na minti biyar a farkon kowace awa. Louvre, babban gidan tarihinsu, ba ta buɗewa ranar Talata, kuma ɗiyarki ta kama muku tikiti tun da wuri. Hoton Mona Lisa ƙarami ne, cunkoso ya fi shi girma. Sashen kayan tarihin Musulunci ya fi cancantar ƙafarki. Juma'a ki yi ta a Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, ki sha shayin na'ana'a a gidan shayinsa. Ranar da kewar miyar kuɓewa ta taso, layi na 4 na metro, jirgin ƙasan cikin gari, zai sauke ki Château Rouge, unguwar da ake sayar da kayan abincin Afirka, ki rantse a babbar kasuwa kike. Hijabi da mayafi babu mai hana ki a titi, amma niƙabi doka ta hana tun 2011. A cikin metro jaka a gaba saboda ƴan sane, kuma duk wadda ta miƙo miki takarda wai ki sa hannu, ki wuce abinki.

Gato yanzu. Kurwasan, burodin nan mai siffar jinjirin wata, na man shanu, wanda suke rubutawa “au beurre”, da mai cakulan a ciki, da mai tuffa, fulawa ce da man shanu da sukari, ki ci da ɗuminsa a gidan burodin unguwa, bai kai Yuro 2 ba. Makaron kuma garin almon ne da farin ƙwai da sukari, na Ladurée da Pierre Hermé suka fi suna, sai dai wasu ana sa giya a haɗin tsakiyarsu. Inda ake tuntuɓe shi ne “baba au rhum”, wanda a giya ake jiƙa shi, da “canelé” da ake kwaɓawa da ita. Masu sheƙi da santsi a sama, da masu kumfa, sau da yawa da jelatin ake daskarar da su, kuma galibinsa na alade ne. “Quiche lorraine” da burodi mai “jambon” naman alade ne kai tsaye. Ki tambayi mai shagon ko akwai giya ko jelatin, ba sa jin haushi, sun saba.

TAMBAYA: Yaya, mijina zai dawo daga Faris, na ce ya kawo wa yara makaron. Zai iso lafiya?

AMSA: Ƙanwata, ba zai iso ba. Kwanaki kaɗan yake yi, a cikin sanyi ma, ga shi da saurin farfashewa. Daga Yamai zuwa Maradi sama da kilomita 600 ne a mota cikin zafinmu, cakulan ma narkewa zai yi. Ki ce Alhaji ya shiga kowane babban kanti ya sayo biskit ɗin man shanu na yankin Bretagne, na cikin gwangwani. Yana yin watanni bai lalace ba.