Amsoshin wasiƙunku: madobiya da masu injin yanka

Wani manomi daga Wasagu ya rubuto cewa akwai madobiya uku a gonar da ya gada, 'yan katako sun yi masa tayi, suna ce masa ko bai sayar ba wani zai sare da dare. Ya sayar ko ya bari?

Malam, kada ka sayar. Ba ƙaunarka ta kawo su ba, dajin da suka saba ɗiba ne ya ƙare. Katakon madobiya Sin ake kai shi, inda ake ƙera kujeru da gadaje masu tsada, kuma saran da aka yi mata a Afirka ta Yamma ya kai ga sa ta a rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya da ke sa ido kan cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, a 2016. A 2018 ƙungiyar IUCN mai kare halittu da muhalli ta duniya ta lissafa ta cikin itatuwan da ke fuskantar ɓacewa, a shekarar kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya zuwa waje. Abin da za su ba ka ko kusa bai kai abin da za su samu ba, gona kuma ta zama fili.

Itaciya ce ta dajin da ba shi da duhu, mai tsakuwa da marmara, irin na Zuru da Sakaba da kewayen Kuyambana a ƙasar Maru. Da hunturu takan zubar da ganye ta yi fure rawaya, 'ya'yanta faifai-faifai da ƙaya a tsakiya, in ka sari ɓawonta jan ruwa ya fito kamar jini. Dangin wake ce, saiwarta na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da bazara, lokacin da harawa ta ƙare, sabon ganyenta ne ke riƙe shanu, shi ya sa Fulani ke hawa su sassare rassa. Ka yi magana da su: su ɗauki wasu rassan, su bar kan. Batun ɓarayin dare kuwa, ka sanar da mai unguwa da ma'aikatan gandun daji tun yanzu.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne kututture. Madobiya tana toho bayan sara, amma sai a tara mata kara a cinna wuta da sunan sharar gona, ko a bi ta da maganin kashe ciyawa da aka saya da tsada. Na faɗa na sake faɗa: zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, cire sauran, ka kewaye da ƙaya saboda awaki. Haka manoman Maraɗi suka mayar da itatuwa gonakinsu, su suke kiransa sassaben zamani.

Wata baiwar Allah daga Ɗansadau ta ce ta shuka irin a leda bai fito ba. Hajiya, ki fasa faifan ki ciro ƙwayar, ki jiƙa ta kwana ɗaya, kuma kada ki binne ta da zurfi. In ta fito, ki dasa da farkon damina kafin saiwar ta huda ledar.

Daga Yawuri an tambaya wane magani za a saya wa gara da ke cin dashe. Kafin ka je kasuwa, gwada toka da dakakken ganyen darbejiya a ramin, ka kuma janye busasshen kara daga gindin.

Mai tambaya daga Tsafe kan ko gawo na hana gero yi: a'a, da damina ma ba shi da ganye, bar shi.