Gida biyu iri ɗaya, ƙiyasi biyu: yaya shugabar sashe za ta sa ido kan masu awo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ma'aikatar magajin gari a nan Damagaram. Kwanan nan aka ɗora ni kan sashen da ke ƙidayar gidaje da shaguna tare da ƙiyasta kuɗin hayarsu saboda lanho, wato haraji. Ni karatun mulki da lissafin kuɗi na yi, ban taɓa riƙe igiyar awo ba. A ƙarƙashina akwai masu awo da mai zanen taswira da mai shigar da bayanai a kwamfuta, wasunsu sa'o'in mahaifina ne. Mutane na kawo kuka cewa gidaje biyu iri ɗaya a layi guda an yi musu ƙiyasi daban. In na tambaya sai a ce mini, "Madam, wannan aikin fasaha ne." Yaya zan sa ido a kan aikin da ban iya ba, ba tare da na ci fuskar manya ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya taya ki riƙo.

Ki cire wa ranki cewa sai kin fi su iya awo kafin ki shugabance su. Ba a ɗora ki don ki ja igiya ba. Abin da ke wuyanki shi ne duk adadin da ya fita daga sashenki a iya bin sawunsa: wa ya auna, yaushe, ya shiga gidan ko daga waje ya tsaya, kuma da wace ƙa'ida ya mai da awon kuɗi. Ƙiyasin haya abu uku ya ƙunsa, wato girman gini, irin ginin, da abin da ake biyan makamancinsa a unguwar. Na farko kaɗai ke bukatar kayan aiki. Sauran biyun duk mai ido da hankali zai iya bincikarsu, kuma a cikinsu ne yawancin saɓanin yake ɓuya. Don haka in aka sake ce miki aikin fasaha ne, ki ce, "To Malam, zauna ka nuna mini yadda ka kai ga wannan adadin." Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar.

Kafin nan ki san iyakar gonarki. A Nijar dokar harajin gidaje tana cikin kundin haraji na ƙasa, kuma babbar ma'aikatar haraji, DGI, ke da alhakinta tare da sashen kadastir mai rajistar filaye. Dokar kasafin kuɗi kan taɓa wannan kundi kusan kowace shekara, saboda haka ki nemi na bana ki ajiye a teburinki, kada ki dogara da abin da wani ya haddace tun shekarun baya. Hurumin ma'aikatar magajin gari kuwa yana cikin dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010. Ki je da ƙafarki ki gaisa da takwarorinki na DGI a nan gari, ku daidaita takardar da kuke cikawa. Birnin an raba shi da'ira biyar, kuma in kowace da'ira tana da nata salon cika takarda, rikicin da kike gani a layi guda yana nan a gari baki ɗaya.

Yanzu ga gidajen nan biyu. Kada ki fara da zargin cin hanci. Abin da ya fi faruwa shi ne ba a taɓa rubuta ma'aunin ba, kowa da nasa a ka, kamar masu awon hatsi biyu a rumfa ɗaya kowa da tiyarsa. A ce gida ne na ƙasa da aka yi wa shafen siminti, ɗaki uku, rufin kwano. Ma'aikaci na farko ya ƙwanƙwasa bango, ya gane ƙasa ce a ciki, ya rubuta jika 25 (sefa dubu 25) a wata, wato jika 300 a shekara. Na biyu ya je maƙwabcinsa, ya ga fenti da ƙofar ƙarfe, ya ɗauke shi ginin bulo, ya rubuta jika 40, wato 480 a shekara. Babu wanda ya karɓi ko dala a cikinsu, amma mai gida na biyu an cuce shi.

Maganin wannan shi ne jadawali a rubuce, kuma kada ke ki rubuta shi. Ki tara su, ki ba wanda ya fi daɗewa jagorancin zaman, ki ce kina son abin da ke kansa ya zauna a takarda don na baya su amfana. Su fayyace mene ne ginin ƙasa zalla, mene ne ƙasa mai shafe, mene ne bulo da kwano, mene ne mai rufin kankare, kowane da hotonsa na ainihin gida a garin nan. Su faɗi abin da ke ƙara daraja da abin da ke rage ta. A Damagaram famfon da ke kawo ruwa da gaske ba ƙaramin abu ba ne, domin ɗan haya ya san abin da zai riƙa ba 'yan ga-ruwa in babu shi. Haka wutar Nigelec, haka bakin kwalta, haka gidan da ruwa ke kwanciya a ƙofarsa duk watan Agusta. Da kin ba dattijon wannan girman, kin rage rabin gardamar da kike tsoro, don mutum ba ya yaƙar ƙa'idar da shi ya tsara.

Bayan an gama, ki zaɓi gida uku, ki tura kowa shi kaɗai ya auna ya ƙiyasta, kada su ga takardar juna. Ku dawo ku baza sakamakon a kan teburi. Ba jarrabawa ba ce, ki faɗa musu haka tun farko. Inda suka yi nisa da juna, nan jadawalin yake da rami.

Unguwanni ma ba za a yi musu kuɗin goro ba. Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, gidajensa sun girmi zanen filaye na zamani: lungu ne ƙunci, katanga tana bin dutse tana lanƙwasa, gida ɗaya na gado an raba shi sassa da yawa. A can awo yana cin lokaci, kuma gano wanda za a rubuta a matsayin mai gida ya fi awon wuya. Sababbin filayen bayan gari kuwa an yanka su a jere, mita 20 sau 20, kana auna ɗaya ka san na kusa da shi. Shago a kewayen Kasuwar Dole hayarsa ba ta kama hanyar na cikin lungun Garin Malam ba. Zuwan jami'a da buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 sun kawo masu neman ɗakin haya da ba a da su a da, don haka duk ƙiyasin da aka gada tun kafin nan ya tsufa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da dubu 300 a da'irorin birnin, garin kuma bai tsaya nan ba.

Akwai wani abu da takardun ofis ba sa faɗi, ke kuwa ya kamata ki san shi. Ma'aikacinki namiji ya isa ƙofar gida da hantsi, ya tsaya a zaure ya yi sallama. Yaro ya leƙo ya ce Baba ya tafi kasuwa. Matan gida ba za su ce masa ya shigo ba, shi ma ba zai nema ba. Sai ya ja da baya, ya ɗaga kai ya ƙirga rufin da yake hangowa ta saman katanga, ya tambayi yaron ɗaki nawa ne, ya cika takarda a kan sirdin babur. Da yamma takardar nan ta shiga cikin sauran, ba mai iya bambanta ta da wadda aka shiga aka auna bango bango. Ki sa gurbi a takardar: an shiga, ko ba a shiga ba. Kuma kada ki taɓa yi wa wanda ya rubuta ba a shiga ba faɗa, in ba haka ba gobe kowa zai rubuta an shiga. Sai a sa ranar komawa, a bi ta hannun mai unguwa ya sanar da masu gidaje tun jajibiri. In da hali ki nemi a ba ki mace ko da ɗaya a cikin masu fita, za ki ga yawan ƙofofin da za su buɗe.

Sai bin diddigi, wanda shi ne ainihin aikinki. Cikin kowace takarda goma ki zare ɗaya, ke da kanki, ba su za su zaɓo miki ba. Ki ba wani ma'aikaci daban ya sake zuwa, wani lokaci ki bi shi. Ba sai kin auna ba, ki tsaya ki gani, gani ya kori ji. Sannan ki tara gidajen da kika san hayarsu ta gaskiya, daga takardar yarjejeniya ko bakin ɗan haya ko dillalan unguwa, ki yi lissafin rabawa, ƙiyasin ofis a kan wannan hayar. In ƙiyasi jika 30 ne haya kuma jika 30, kin sami 1. In wani gida ya ba ki 0,6 wani 1,4, aikin ya watse ko da matsakaicinsu ya yi kyau. Ki lura musamman da wata cuta da masu wannan sana'a suka sani a ko'ina: ƙananan gidaje a ƙiyasta su daidai ko a zarce, manya kuwa a yi musu sassauci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hayar ɗaki ɗaya kowa ya san ta, amma babban gida mai bene ba shi da makamanci da yawa, mai shi kuma yana da bakin magana. Wannan lissafin fanninki ne, ba mai ce miki aikin fasaha ne a kansa.

Kada ki auna ƙwazonsu da yawan gidaje a rana kawai. Wanda ya yi gida takwas a Birni yana iya fin wanda ya yi talatin a sabon fili wahala. In kika matsa kan adadi, za a cika miki takardu a inuwar bishiya. Ki tsara fita da sassafe a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, aikin ofis ya koma bayan azahar. Bayan damina kuma a sake zagaya unguwannin ginin ƙasa, don ɗakin da ya faɗi bai kamata a ci gaba da lissafa shi ba.

Maganar na goro ba za mu tsallake ta ba. Sau da yawa daga man babur take farawa. An tura mutum bayan gari ba a ba shi mai ba, mai gida ya ce ga wannan ka sha ruwa, daga nan ido ya yi nauyi. Ki yi faɗan kuɗin mai da na gyaran kayan aiki a sama, da ƙarfinki, su kuma su san kina yi. Sannan ki toshe ƙofofi: kada kowa ya ƙiyasta unguwarsu ko gidan danginsa ko na surukansa, a riƙa juya musu unguwanni, kuma wanda ya auna ba shi zai shigar a kwamfuta ba, wanda ya shigar ba shi zai amince da gyara ba. Kowa da lambar sirrinsa ta shiga kwamfuta. Duk adadin da aka canza a rubuta tsohon da sabon da dalili da sunan wanda ya sa hannu. Ki sa a riƙa kwafe bayanan a wani wuri kowane mako, kin san halin wuta.

In ma'aikatanki na aiki da wayar hannu, ki sani GPS ɗinta mai nuna wuri kan yi kuskure da mita uku zuwa biyar, wani lokaci fiye a cikin lungu. Ta isa ta nuna inda gida yake da cewa ma'aikaci ya je wurin, in an haɗa da hoto mai kwanan wata. Ba ta isa a tsai da iyaka tsakanin maƙwabta ba, wannan na masu awon filaye ne da kayansu. Manhajar taswira ta QGIS kyauta ce, mai zanenku zai iya ɗora duk gidajen da aka ƙirga a kan taswira, ki ga layin da aka tsallake da idonki.

Matsi daga sama zai zo, wani Alhaji zai buga waya, wani babba zai aiko a duba masa. Kada ki bar ƙaramin ma'aikaci shi kaɗai da wannan. Ki ce duk mai son a sake duba gidansa ya rubuto, a sa a rajistar koke, a tura wani daban ya auna. In umarni ne daga shugabanni, ki roƙa da ladabi a ba ki a rubuce. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun garuruwa aka naɗa masu riƙo, kin ga shugabanni na sauyawa, amma sa hannunki da na ma'aikatanki na nan a fayil.

In kuwa bin diddigi ya nuna mutum ɗaya ne kullum adadinsa ke sauka a gidajen masu hali, ki kira shi ofis ku biyu, ki ajiye takardun a gabansa, ki saurari bayaninsa tukuna. Kada ki yi masa a gaban yara, balle in dattijo ne. In bayanin bai gamsar ba, sai takardar neman bayani a rubuce, kwafi ga babban sakatare, daga nan dokar aiki ta yi halinta.

Gidajen nan biyu da aka kawo miki kuka a kansu, da su za ki fara. Ki ciro takardunsu ranar Litinin, ki tura mutum na uku ya auna duka biyun rana ɗaya, ki gayyaci masu gidajen su tsaya a wurin. Wanda aka zarce wa a gyara masa a rubuce, a aika gyaran inda ake lissafin lanhon kafin takardar biya ta fito.