Amsa ga mai tambaya kan yoga da ciwon baya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce ciwon baya ya hana ki sakat, an ba ki shawarar yoga, wato salon miƙa jiki da jan numfashi, amma kina tsoron taɓa abin da ya saɓa wa addini. Ni ma na yi wannan fargabar shekara 3 da suka wuce.

Ɗinki nake yi. In na wuni a kan keke, sai na dafa bango kafin ƙuguna ya miƙe. Wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi a asibiti ce ta koya min motsi uku. Na farko, ki kwanta rubda ciki, ki dafa ƙasa, ki ɗago ƙirji a hankali kamar kumurci ya fasa kai. Indiyawa ma da sunan macijin suke kiransa, bhujangasana. Na biyu, ki yi rarrafe, ki gantsare ki kuma tanƙware bayan kamar kyanwa ta tashi daga barci. Na ukun na fi so: ki zauna kan dugaduganki, ki miƙa hannuwa gaba, ki saki jiki. Ranar farko har da ƙwalla na yi, don na ji inda ya ɗaure shekara da shekaru yana warwarewa. Minti 15 bayan asuba, a kan tabarma, ciki babu komai. Wajen wata biyu na fara ruku'u bayana a shimfiɗe, zaman tahiya ma ya daina gagara ta.

Batun ruhi kuwa, tsoronki yana kan hanya. Daga Indiya yoga ta fito, kuma a wurin masu ita motsa jikin mataki ɗaya ne cikin takwas na neman tsarkin ruhi. Akwai jerin motsi da ake kira surya namaskar, ma'anarsa gaida rana, akwai kuma furta "om", kalma mai tsarki a addinin Hindu. Irin wannan cakuɗuwar ce ta sa majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008. Ni duk na bar su, miƙa jiki da jan numfashi kawai na ɗauka, kuma sai da na tambayi malaminmu na Islamiyya. Ke ma ki tambayi naki. Abin da na samu dai shi ne zuciyata ta rage gaggawa, ina barci, ina azkar ba tare da hankalina na kan kayan mutane ba.

In kina da juna biyu, ko ciwon yana sauka ƙafa har ta riƙa mutuwa, ki fara ganin likita tukuna. Allah Ya ba ki lafiya.