Wane wata ya fi dacewa mahaifina ya ziyarce ni a Guangzhou?

Wani ɗalibi da ya isa birnin Guangzhou na ƙasar Sin watanni kaɗan da suka wuce ya rubuto cewa mahaifinsa, ɗan kasuwa a Kano wanda ya haura shekara sittin kuma yake fama da asma, yana son ya kai masa ziyara ta mako uku, ya kuma zagaya kasuwanni. Yana tambayar lokacin da ya fi dacewa, tunda shi kansa bai cika shekara a garin ba.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka sa lafiyar Baba a gaba kafin maganar tikiti. Shawarata ita ce ka shirya zuwansu tsakanin mako na biyu na Nuwamba da tsakiyar Disamba. A wannan lokaci damina ta ɗauke, sararin sama ya washe, zafin rana ba ya wuce digiri ashirin da 'yan kai, dare kuma yana zuwa da sanyi mai daɗi wanda rigar sanyi ɗaya take isa. Dattijo zai iya yini yana yawo a kasuwa ba tare da ya jigata ba.

Abin da ke ruɗin mutanenmu shi ne lambar ma'aunin zafi. Mutumin Kano da ya saba da digiri 40 a watan Afrilu, idan aka ce masa Guangzhou tana kaiwa 33 ko 34 a Yuli da Agusta, sai ya ɗauka abin wasa ne. Amma zafinmu busasshe ne, gumi yana fita yana bushewa, kuma inuwar bishiya tana magani. Nasu zafi ne mai danshi, domin garin yana bakin Kogin Lu'ulu'u kusa da teku, iska cike take da ruwa, gumi ba ya bushewa, dare ma ba ya hucewa. Mutum zai fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska ya faɗa cikin wannan turiri, ya sake shiga jirgin ƙasa mai sanyi, sau da yawa a rana guda, kuma wannan sauyin yana tayar wa mai asma da ciwonsa. Ga ruwan sama daga Afrilu zuwa Satumba, wanda a shekara ya kai kusan ninki biyu na abin da Kano take samu. Daga Yuli zuwa Satumba kuma lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne, irin wadda aka kira Mangkhut da ta faɗa wa lardin Guangdong, inda Guangzhou take, a Satumban 2018 ta tsayar da jiragen sama da na ƙasa.

Watan Maris ma ban so shi ga Baba ba. A ƙarshen sanyi iska mai ɗumi tana tasowa daga teku ta tarar da gine-gine da sauran sanyi a jikinsu, sai ka ga bango da tayil suna zubar da ruwa kamar an watsa musu, wanki ya kwana biyu bai bushe ba, fumfuna ta kama tufafi da takalma. Mutanen garin suna rufe tagogi ruf a irin waɗannan ranaku. Mai lafiyar ƙirji ma yana jin jiki, balle mai asma.

Janairu da Fabrairu matsalarsu ba ta yanayi kaɗai ba ce, ko da yake gidajen kudancin Sin ba su da bututun ɗumama ɗaki irin na Beijing, saboda haka sanyin digiri 10 yana shiga ƙashi a cikin ɗaki. Babban abin shi ne bikin sabuwar shekararsu, wanda ya faɗo ranar 17 ga Fabrairu a 2026, kuma 6 ga Fabrairu a 2027. Ma'aikata suna komawa ƙauyukansu, masana'antu da shagunan sari suna rufewa na makonni, tikitin tafiya yana wuya. A waɗannan shekaru biyu ma azumi yana kamawa ne a cikin makon bikin, kuma na san Baba za su fi son yin azuminsu a gida.

Za ka ji 'yan kasuwa suna zuga ka da baje kolin Canton, babban baje kolin kayayyaki na Guangzhou wanda ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Idan Baba suna neman masana'anta da za su ƙulla hulɗa da ita kai tsaye, na Oktoba ya fi, saboda yanayinsa ya fi sauƙi. Amma kuɗin otal yana tashi sosai a lokacin, kuma mai sayen kayan da za su cika shago ya fi samun biyan buƙata a kasuwannin sari na Sanyuanli da Xiaobei bayan an watse. Ka kuma kauce wa makon farko na Oktoba, hutun ranar ƙasa ne.

Game da takardu, ka fara da wuri, tun Agusta. Bizar S2 ita ce ta iyalan baƙon da ke karatu ko aiki a Sin, bizar M kuma ta kasuwanci ce, don haka a faɗa wa ofishin jakadanci ainihin manufar tafiyar, a nemi wadda ta dace da ita. Idan a gidanka za su sauka, dole ne ka yi musu rajista a ofishin 'yan sanda na unguwarku cikin awa 24, otal ne kaɗai yake yi wa baƙo da kansa. Kada su ƙara ko kwana ɗaya a kan wa'adin bizar, domin tarar yuan 500 ce, kuɗin Sin, a kowace rana. Su taho da maganinsu na shaƙa wanda zai ishe su, tare da takardar likita.

Ka tabbata ziyarar ta haɗa da Juma'a ko da ɗaya ce, ka kai su masallacin Xianxian, inda kabarin da Musulmin Sin suke jingina wa sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, domin a can za su haɗu da 'yan gida da yawa bayan salla. Ka gaishe mini da su, Allah ya kawo su lafiya.