Muna Son Kawo Marainiya Mai Lalura Ingila: Ina Hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni da maigidana shekararmu 14 a Birmingham, muna da fasfon Birtaniya da na Najeriya, Allah ya ba mu yara maza biyu. Bara da muka je gida hutu na kai sadaka wani gidan marayu a Kano, na ga wata yarinya 'yar shekara 4. Tsintacciya ce, tana da shanyewar gaɓoɓi tun tana jaririya, ko zama ba ta yi sai an tallafe ta. Tun ranar ba ta fita raina ba. Mun yi istihara, zuciyarmu ta natsu a kan mu ɗauko ta. Sai dai surukina ya ce tabanni, wato mayar da ɗan wani ɗan cikinka, haramun ne. Wani mutum kuma da aka haɗa mu da shi ya ce zai samo mana takardar kotu cikin wata biyu, ko ma takardar haihuwa da sunana a matsayin uwa, har mun ba shi kafin alƙalami. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka da alheri a kan wannan niyya. Kafin komai, ki tsayar da mutumin nan, kada a ƙara masa ko sisi. Abin da kuka ba shi ku ɗauka ya bi ruwa.

Zan fara da maganar Baba surukinki, don ita ce mai sauƙin warwarewa. Gaskiya ya faɗa, amma bai ƙarasa ba. Abin da aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab suka soke shi ne jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, kamar yadda ake kiran Zaidu ɗan Harisa da ɗan Muhammadu kafin saukarsu. Ayar ma ta yi maganar irin wannan yarinya kai tsaye: in ba ku san ubanninsu ba, 'yan uwanku ne a addini. Riƙo kuwa, wanda Larabawa ke cewa kafala, shi ne hadisin Bukhari ya yi wa mai yin sa albishir da maƙwabtaka da Annabi (SAW) a Aljanna, kuma malaman fiƙihu sun sa ɗaukar tsintaccen yaro cikin farillan kifaya. Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Takardar haihuwar da ake son ƙirƙiro miki ita ce ainihin abin da Baba ke gudu, domin ƙaryar nasaba ce a rubuce da hatimi.

Tarnaƙin yana wajen dokar Birtaniya. Tun 12 ga Maris 2021 gwamnati ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta dakatar da ɗauko yara daga cikinsu, tare da irin su Habasha, Haiti da Kambodiya. Hujjarta ita ce takardun asalin yara ba abin dogaro ba ne, ga cin hanci, ga safarar jarirai. Kotunan Ingila sun sha ganin matan da suka dawo da jariri da takardar haihuwa, gwajin jini ya nuna ba nasu ba ne, hukuma ta karɓe yaron. Najeriya kuma ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993 kan tabanni tsakanin ƙasashe, wadda Ghana da Nijar suka shiga. Sannan tun Janairun 2014 takardar tabanni ta kotun Najeriya ta daina samun karɓuwa kai tsaye a Ingila. Wato ko takardar mutumin nan ta zama ta gaske, ba ta ba yarinyar biza.

Akwai kuma hukunci. Sashe na 83 na dokar tabanni ta 2002 ya ce mazaunin Birtaniya da ya shigo da yaro don tabanni, ko wanda ya yi wa tabanni a waje cikin wata 12 da suka gabata, ba tare da an tantance shi ba, ya yi laifin da kan kai ɗaurin shekara guda. Ku kuna da lauya da fasfo, za ku ji da kanku. Ita fa? Yarinyar da ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo za ta faɗa hannun hukumar yanki, cikin mutanen da ba sa jin Hausa.

A gida ma wata biyun nan tatsuniya ce. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce mai nema ya zama ɗan Najeriya, ya zauna a jihar aƙalla shekara 5, yaron ya yi wata 3 a jere a hannunsa, kuma ya sanar da jami'in walwala wata 12 kafin kotu ta yanke. Kowace jiha da tata dokar, Kano ta sa hannu a tata a 2023, kuma ta ma'aikatar mata da kotu ake bi. Ba a bi ta hannun dillali.

To, ƙofofin da suka rage. Ta farko ita ce roƙon togiya. Dakatarwar ta bar wa ministan ilimi na Birtaniya damar amincewa da wani lamari in ya fita daban. Yakan duba yadda aka yi yaron ya rasa mai riƙo, da dangantakarsa da masu nema, da buƙatunsa na musamman da ƙarfinsu na biyan su. Lalurar yarinyar za ta yi muku magana a nan. Inda kuke da rauni shi ne babu jini tsakaninku, ganinku da ita kaɗan ne, kuma tsintuwa ita ce irin labarin da Turawan suka fi yi wa kallon zargi. Dole kuma wata hukumar tabanni mai rajista, irin su Coram IAC, ta tantance gidanku: lafiyarku, kuɗin shigarku, tarihinku wajen 'yan sanda, har yaranku za a zauna da su. Da kuɗinku za a yi, ya ci watanni, kuma ba a yi muku alkawarin komai ba.

Ta biyu tana da tsada ta wata fuskar. Dokokin shige da fice sun san riƙon da ya tabbata a aikace: ku biyun ku zauna a waje aƙalla wata 18 kuna matsayin iyayenta, wata 12 na ƙarshe tana ɗakinku, sannan ku nema mata izinin shiga. Wanda aikinsa zai bar shi ya koma Kano shekara biyu, ya karɓi riƙonta ta hannun kotu, ya fi kowa hujja mai ƙarfi. Bizar jinya kada ki sa rai da ita. Ta ziyara ce, asibitin kuɗi ake biya, kuma sai an gamsu za a mayar da yarinyar gida.

In Allah ya sa ta iso ta halattacciyar hanya, maganar Baba za ta dawo, domin tabannin Ingila yana mayar da yaro tamkar ku kuka haife shi. Akwai umarnin kotu na riƙo na musamman, SGO a taƙaice, da ya fara aiki a 2005, kuma cikin dalilan kawo shi har da al'ummomin da addininsu bai yarda da tabanni ba. Yana ba ku ikon iyaye har ta kai 18 ba tare da ya taɓa nasabarta ba. Amfaninsa sai ga yaron da ya riga ya shigo ƙasar bisa ƙa'ida.

Yanzu in ajiye rigar lauya in yi miki magana ta 'yan uwantaka. Shanyewar gaɓoɓi irin wannan daga ƙwaƙwalwa take, gashin ƙashi da kayan tallafi suna sauƙaƙa ta ƙwarai, amma ba a warkewa. Yau kina ɗaga ta da hannu ɗaya. Ki hango ta tana da shekara 15, ana mata wanka, ana juya ta da dare. Ta wuce shekarun shayarwa, saboda haka maigidanki da 'ya'yanki ba muharramanta ba ne, wannan hidimar a kanki za ta fi sauka, a ƙasar da babu ƙanwa ko gwaggo a maƙwabta. Ku kai wa malaminku wannan tambayar da irin wannan bayanin dalla-dalla. Gado ma ba ta da shi a shari'a. Abin da ke gare ta shi ne kyauta tun kuna raye da wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, kuma yarinyar da za ta buƙaci mai kula da ita har bayan ranku, tun yanzu ake rubuta wannan.

Kafala kuma ba ta jiran biza. Daga wannan watan za ku iya ɗaukar nauyin gashinta a asibitin ƙashi na Dala ko asibitin koyarwa na Aminu Kano, ku saya mata kujerar da ta dace da jikinta, ku biya mai reno, ko wata 'yar uwarki ta nemi riƙonta a hukumance kuna tallafa mata. Ku biya ta banki, ku adana kowane rasit da hoton kowace ziyara, domin su ne za su zama shaidar dangantaka ranar da za ku roƙi togiya.

Ki sa lauya a Kano ya rubuta wa ma'aikatar mata ya nemi fayil ɗin yarinyar: rahoton 'yan sanda na ranar da aka tsince ta, shaidar cigiyar danginta, takardar da ta miƙa ta gidan marayun, da rahoton likita. In sun samu, ki kai su wa lauyan Ingila da ya haɗa sanin tabanni da shige da fice, ya faɗa miki wace ƙofa cikin biyun nan ta cancanci kuɗinku.