Kama ɗaki a Kumasi don kallon Akwasidae

Malam, ka tambayi inda ya fi dacewa ka kama ɗakin haya na 'yan kwanaki. Akwasidae, bikin gargajiyar Asante, na zagayowa duk bayan kwana 42, ranar Lahadi, a fadar Manhyia, inda Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ke zama a kai masa gaisuwa. Nemi wajen unguwar Asawase ko Aboabo: fadar na kusa, ga masallatai ga tuwo. Wajen kasuwar Kejetia kuwa, cunkoso zai cinye maka safiya.

Kafin ka tura kuɗi ta waya (MoMo), aiki wani ya ga ɗakin da idonsa, hoto na yaudara. Tambayi ko akwai tankin ruwa, kuma wa ke zuba kuɗin mita, don wasu masu gida kan bar wa baƙo wannan, wuta ta ɗauke da tsakar dare.